Jinin Malam Fatihu Ya Fi Hawa

Gwamnati ba ta tashi daga Legas a rana ɗaya ba, ko da yake haka ake koya wa yara yanzu. Kaɗan-kaɗan ta riƙa tahowa, kamar mai ƙaurar da ba ya so maƙwabta su farga: yau kabad, gobe teburi, jibi akawu. Manya su ne suka zo daga ƙarshe, bayan an tabbatar musu cewa famfo yana kawo ruwa. A cikin waɗanda aka fara turowa domin a gwada ko wurin zai zaunu akwai Malam Fatihu, babban akawun rajista na ma'aikatarmu, mutumin Kazaure, wanda ba a taɓa ganin gyara a rubutunsa ba, ba a kuma taɓa jin ya nemi alfarma a wurin kowa ba.

Lokacin da tiransifa ta same shi, 'yarsa ta fari tana tsakiyar karatun sakandare a Yaba, can Legas, kuma ita ke zuwa ta ɗaya. Abuja ta wancan zamani ba ta da abin da za ta ba yarinya mai zuwa ta ɗaya, in ban da jar laka da ƙugin katafila. Saboda haka ya kwashi matarsa Azumi da ƙananan yara, ya bar babbar a hannun maƙwabcinsa na kwatas, Thaddeus, mutumin Filato, akawun albashi a wata ma'aikata wadda ba ta da niyyar motsawa. Dangi sun yi surutu a kan barin 'yar Musulmi a gidan Kirista, har sai da labari ya iso cewa Lydia, matar Thaddeus, ta fi uwar yarinyar tsanani a kan salla, kuma ita ke tashinta sahur. Daga nan suka nemi wani abin surutun.

Sunan yarinyar Yelwa. Kowa yana faɗinsa, ban da mahaifinta. Malam Fatihu ya tashi a gidan da ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yaba masa, ba a haɗa ido da shi, ba a tambayar ko ya ci abinci sai ta bakin wani. Ilimin boko da zaman Legas ba su taɓa wannan ba ko kaɗan. Azumi ta daɗe da samo wa kanta mafita, tun yarinyar ba ta shiga jami'a ba take ce mata Likita. Shi kuwa in zai ambace ta sai ya ce "yarinyar nan", in yana cikin raha ya ce "'yar wajen Thaddeus". Ita kuma Malam take ce masa, kamar yadda ƙananan akawuna suke ce masa. Thaddeus bai gaji wannan al'ada ba. Yana ƙwala mata kira daga safe zuwa yamma, ya je ranar ba da kyauta ya yi tafi har hularsa ta faɗi, ita kuwa tana ce masa Baba. Malam Fatihu shi ya shirya abin da hannunsa, kuma ya san ya yi daidai. Sanin hakan bai taɓa sauƙaƙa masa komai ba.

A ƙarshen shekarar 1991 kujerar mulki ta taso ɗungurungum. Ma'aikatar Thaddeus ta biyo baya a tirela, ta tarar gidajen cikin gari sun ƙare, aka ba shi gida a Gwagwalada, tafiyar da takan cinye wa ma'aikaci safiyarsa. Malam Fatihu, mai ɗaki uku a Garki, cikin gari, ya yi masa jaje da zuciya ɗaya, har ranar da ya ji cewa Yelwa ta gama karatun likita kuma an tura ta asibitin da ke can Gwagwaladar. Ya riga ya sa an yi wa ɗaki ɗaya fenti, ya sayi gado da labule, bai gaya wa kowa don wa ba. Tun da bai faɗa ba, ba wanda ya sani. Yarinyar ta sauke akwatinta a gidan Lydia, inda aka gaya mata da baki cewa ga ɗakinta.

Takan zo Garki ran Juma'a in ba ta da aiki. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ina wuni." Ya amsa yana murɗa rediyo, "Lafiya. Ya mutanen gidan?" Daga nan ta shige wurin uwarta, shi kuma ya rage sautin rediyon domin ya ji muryarta ta bango.

Da damina ta sauka, Thaddeus yana shan shayi a ofis sai kofi ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma kamar ta mai lomar tuwo a baki. Abin bai yi tsanani ba. Cikin 'yan kwanaki ya miƙe, sai ɗan jan ƙafa da ya rage. Amma daga ranar Yelwa ta mai da shi aikinta, Malam Fatihu kuma ya shiga zuwa dubiya kowace Asabar, har mu a ofis muna cewa abota ta yi rana.

Ga abin da yake zuwa gani. Ta jawo kujera gab da Thaddeus, ta naɗe masa hannun riga, ta ɗaura masa abin awon jini, ta matsa, ta saƙala abin sauraro a kunne, yatsunta biyu a kan wuyan hannunsa.

"Baba, wa ya ba ka tsire?"

"Allah ya sani ban ci ba."

"Ga yaji nan a gaban rigarka."

Thaddeus ya juya wurin baƙonsa. Hausarsa irin ta Jos ce, ba ta damu da raba mace da namiji ba. "Malam, ka gani? Wannan yarinyan ya zama soja. Gishiri babu, nama babu. Lydia ma ya shiga jam'iyyan shi. Gara ciwon, wallahi."

"Ai sai haƙuri," in ji Malam Fatihu, idonsa a kan kalandar bango.

"Kai ma bari ya auna ka mana, tun da ka zo."

Yelwa ta dakata da abin awon a hannunta, ba ta ɗago kai ba. Da Malam Fatihu ya yi shiru kawai, da ta matso. Amma bakinsa ya riga shi, ya ce, "Lafiyata ƙalau." Ta naɗe abin ta sa a jaka. Ya koma Garki yana jin haushin duk wanda ke cikin motar, har da direba.

Ba a jima ba Thaddeus ya daina shan magani, a kan hujjar cewa ba inda yake masa ciwo. Yelwa ba ta yi masa faɗa ba. Wata Asabar ta ce ya sa takalmi, ta kai shi ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, inda take taya wani babban likita nazarin ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Malam Fatihu ya bi su, wai domin ya riƙe wa Thaddeus lema.

Ta ɗauko wani ɗan gilashi mai ɗigon ja-ja a tsakiya, ta sa a ƙarƙashin madubin likita, ta gyara, ta ce Thaddeus ya kanne ido ɗaya ya duba.

"Na ga zobe."

"Zoben nan hanyar jini ce, an yanka ta a gicciye. Ta fi gashin kanka siranta, kuma irinta ba su ƙirguwa a cikin kai. Wannan ta mai lafiya ce. Ka ga layin ciki, siriri? Ƙwayoyin halitta ne shimfiɗaɗɗu, kowace ta manne da 'yar'uwarta gefe da gefe. A wasu sassan jiki akwai 'yan kafofi a tsakaninsu. A ƙwaƙwalwa babu, an ɗinke su tsaf. Duk abin da zai bar jini ya shiga ƙwaƙwalwa sai ya bi ta jikinsu, su kuma suna zaɓe. Sukari ya wuce, iskar da muke shaƙa ta wuce, dafi da tarkace su tsaya a waje."

"Ashe masinjan oga ne," in ji Thaddeus. "Wanda zai ce maka oga ba ya nan, kana jin tarin shi a ciki."

Ta yi dariya, irin wadda ba a jin ta a Garki ko ta bango. "To bayan masinjan akwai wasu da suka rungume hanyar, kamar yatsu a jikin rake. Su ke matse ta su sake ta, gwargwadon jinin da wurin yake bukata. In kana lissafin albashi sai su buɗe wa wurin lissafi. Yanzu ɗaga kanka."

Ta sauya gilashin, Thaddeus ya sake dubawa.

"Wannan zoben ya yi kauri. Ramin ya kusa rufewa."

"Na mutumin da ya yi shekaru da hawan jini ne, shi ma ba inda yake masa ciwo. Jini yana dukan bangon ba hutu. Masu rungumar suka mutu, wani abu mai tauri ya maye gurbinsu, ba ya matsewa, ba ya sakewa. Ɗinkin ciki ya kwance, ruwa ya riƙa tsattsafowa inda bai kamata ba. Wata hanyar ta toshe, abin da take ciyarwa ya mutu, kuma abin da ya mutu a can ba ya dawowa. Taka ɗaya ce ta toshe, Baba, ka samu jan ƙafa. Sauran suna nan suna jira su ga ko za ka sha magani."

Thaddeus ya ɗago, ya share ido da bayan hannu, ya ce zai sha. Yelwa ta dubi wani wuri tsakanin ƙofa da taga, ta ce, "Ko Malam zai duba?"

"Ba sai na duba ba."

Da ta fita raka Thaddeus wurin karɓar magani, Malam Fatihu ya jingine lemar, ya cire tabarau, ya sunkuya. Ya daɗe yana kallon zoben mai kauri. Mai hankali zai zaci tsoro ya ji, domin ya yi watanni yana tashi da ciwon ƙeya, kuma yatsun hannunsa na dama sukan yi masa nauyi kamar na aro. Ba tsoro ya ji ba. Abin da ya gani shi ne, Thaddeus, wanda bai taɓa wuce shi da ko mataki ɗaya a aikin gwamnati ba, ya rasa ciwon da zai kamu da shi duk duniya sai wanda 'yar mutum take nazari.

A makon da ya biyo baya alƙalami ya zame masa a tsakiyar layi, ya soke kalma ya sake rubutawa. Ƙananan akawuna suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna neman fayil ɗin, kowa da dalilinsa. A gida ma Azumi ta ga yadda yake riƙe kofi da hannu biyu.

"Malam, ga Likita Allah ya ba ka, ka gaya mata mana."

"Ni in miƙa wa yarinyar nan hannu? Kin taɓa ganin Baffa, mahaifinmu, ya miƙa wa ɗansa na fari Yaya Sale hannu?"

"Yaya Sale ai dillalin shanu ne. Me zai yi da hannun Baffa?"

Washegari ya bi ta ɗakin shan magani na ma'aikata, inda wata nas mai suna Prudence ta auna shi, ta dube shi, ta sauya hannu ta sake aunawa.

"Oga, da ƙafarka ka zo nan?"

"Nawa ne?"

"Ɗari biyu da goma. Ba abin wasa ba ne, oga. Ga magani ka fara yau, kuma gobe-goben nan ka ga likita."

Ya yi mata godiya da fara'ar da ta ba ta mamaki. Ya sa maganin a aljihun tebur, ya kulle.

Ran Asabar ya tarar Yelwa tana bakin aiki, Lydia ta tafi kasuwa, Thaddeus yana zaune a baranda yana cin dafaffiyar gyaɗa ba gishiri da fuskar mai zaman makoki. Bayan gaisuwa Malam Fatihu ya gyara zama.

"Ranar da ka faɗi, nawa naka ya kai?"

"Sun ce ɗari da tamanin."

"To. Nawa ɗari biyu da goma, kuma ga ni a tsaye."

Thaddeus ya zubar da gyaɗar. "Yesu! Malam, kana hauka ne? Bari in aika a kira Yelwa."

"Kul. Ban yarda ta ji ba. Ka rantse ba za ka gaya mata ba."

"Haba, Malam."

"Ka rantse."

A nan ne aka yi kuskuren, kuma har yau ban iya cewa na wane ne ba. Duk mutumin Kazaure ya san ma'anar irin wannan gargaɗi. Ta haka saƙo yake tashi daga uba ya isa ga ɗan fari: a sami na tsakiya a ce masa kada ya faɗa, shi kuma ya sa takalmi ya tafi ya faɗa, kowa ya tsira da mutuncinsa. Amma Thaddeus dattijon coci ne. Ya shiga ɗaki yana jan ƙafa, ya ɗauko Littafi Mai Tsarki, ya ɗora hannu ya rantse, sannan ya riƙe rantsuwar nan kamar albashin da ba nasa ba. Ko Lydia bai gaya wa ba.

Juma'a ta zo. Malam Fatihu ya dawo daga masallaci ya cire babbar riga, ya zauna da 'yar shara mai gajeren hannu, abin da ba ya yi in ana sa ran baƙi. Yelwa ta durƙusa ta ce, "Malam, ina wuni," ta shige. Wata Juma'ar ta sake zuwa, aka maimaita. Maganin yana nan a aljihun tebur. Hujjarsa, kamar yadda ya tsara wa kansa ita, ta akawu ce tsantsa: ba a rufe fayil kafin wanda ya kamata ya gani ya gani. In ya sha magani jinin ya sauka, ranar da ta zo da abin awonta me za ta tarar? Dattijo mai lafiya, wanda za a ce wa ya rage gishiri a wuce.

Thaddeus ya rame fiye da lokacin ciwonsa. Kowace Asabar sai ya ja abokinsa gefe.

"Malam, don girman Allah ka sake ni daga rantsuwan nan."

Sakinsa daidai yake da roƙo, kuma Malam Fatihu bai ga dalilin da zai roƙi abin da mai hankali zai yi ba a tambaye shi ba. Sai ya ce, "A'a." Ya kuma ƙara wa Thaddeus wani laifin a kan na da: ga shi ya tare yarinyar, ga shi ya tare hanyar zuwa wurinta.

Da kaka ta kusa, Thaddeus ya shirya taron godiya saboda samun sauƙi. Bayan an taso daga coci ran Lahadi aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun haya. Maƙwabta Gbagyi suka kawo sabuwar doya, matan zumuntar coci suka dafa shinkafa, aka ware wa Musulmi tukunyarsu da ragon da Malam Fatihu ya yanka da kansa, ko da yake sai da wuƙar ta so ta kuɓuce masa. Aka ba shi kujera a sahun gaba, Azumi tana can cikin mata. Da aka ci aka sha, Thaddeus ya miƙe ya dogara da sanda.

"Jama'a, Allah ya ba ni yara maza huɗu, bai ba ni mace ba. Sai gwamnati ya tashi zai zo Abuja, ya bar mini ɗaya a ƙofan gida. Ni na kai shi makaranta. Ni na zauna a benci ranan da ya yi zazzaɓi. Yau kuma shi ya riƙe ni, da ba don shi ba da yanzu kuna cin shinkafan nan ba ni. Yelwa, 'yata, taso mutane su gan ki."

Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Yelwa ta taso ta durƙusa a gabansa, ya ɗora mata hannu a ka. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma wannan ne ya fi ci wa Malam Fatihu rai, domin ƙarya ana iya gyara ta. Tafin bai gama lafawa ba ya miƙe.

"Yelwa."

Da muryar rajista ya faɗa, wadda take tsai da masinja a tsakiyar baranda. Yawancin mutanen wurin ba su ji wani abin mamaki ba, uba ya kira 'yarsa. Amma cokali ya faɗi daga hannun Azumi, ta ja mayafi ta rufe fuska. Thaddeus ya saki baki.

"Yelwa, zo nan. Ni ma ina da hannu."

Ya yaye hannun babbar rigarsa ya aza a kafaɗa, ya miƙa damtsensa a gaban jama'a.

Ta taso ta zo. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo, sai dai kallon irin wanda take yi wa masu jinya ne.

"Malam, ku zauna. Ku yi murmushi in gani. Ku ɗaga hannu biyu, ku rufe ido. Kada ku sauke."

Ya yi duk abin da ta ce. Hannun dama ya riƙa sauka a hankali ba da izininsa ba. Ta aika aka ɗauko jakarta, ta ɗaura masa abin awon, ta matsa, ta saurara, fuskarta ta sauya.

"Tun yaushe?"

"Ya sa ni rantsuwa!" in ji Thaddeus daga baya. "Da Littafi ya sa ni!"

Ta waiwaya. "Baba, ka sani? Ka sani ka yi shiru?"

Ba a taɓa jin ta yi wa Thaddeus magana da wannan murya ba. Ana cikin tallabar Malam Fatihu zuwa mota, amma bai bari wannan ya wuce shi ba, kuma waɗanda suka riƙe shi sun ce ya sauƙaƙa musu nauyinsa daga nan.

Aka kwantar da shi, aka shiga saukar da jinin a hankali. Babban likita ya duba ya ce wata ƙaramar hanya ta riga ta toshe, mai yiwuwa ba ita kaɗai ba, kuma hannun zai yi aiki amma ba kamar da ba. Haka kuwa aka yi. Mu da muka ga sa hannunsa daga baya mun san rajista ta yi rashi, kuma da maganin nan ya fito daga aljihun tebur da wuri, wataƙila da ba a yi ba.

Da la'asar yana kwance, labule kawai ya raba shi da baranda, ya ji Yelwa tana yi wa uwarta bayani da ƙaramar murya.

"Inna, ba hannun ne ya fi damuna ba. In ƙananan hanyoyin gaban ƙwaƙwalwa suka lalace, kamun kai ne yake fara tafiya. Mutum mai kunya ya wayi gari yana faɗin abin da bai taɓa faɗi ba. Kin dai ji abin da ya kira ni a gaban mutane."

"Na ji," in ji Azumi. "Allah ya sawwaƙe."

Da haka abin da ya ɗauka a ƙirjinsa tun ranar sunanta ya shiga takardar asibiti a matsayin alamar ciwo.

Thaddeus ya zo dubiya da lemo a leda, ya zauna a bakin gado kamar wanda aka kora daga aji. Ya leƙa ya ga ba kowa, ya sunkuyo.

"Yarinyan ba ya mini magana tun jiya. Ka ji daɗi?"

"Allah ya kyauta," in ji Malam Fatihu, yana ɓare lemo da hannun hagu.

"Kuma ni na sani ba ciwo ne ya yi magana ba. Kai ne."

"Tun da ka iya riƙe rantsuwa, riƙe wannan ma."

"Tsaya. Wannan karon in riƙe ne, ko kar in riƙe? Ku Hausawa sai an zo da tafinta."

"Ka riƙe."

"Riƙe na gaskiya, ko riƙe na Kazaure?"

"Thaddeus, lokacin dubiya ya ƙare."

Da safe ta zo zagaye ita kaɗai, ba nas a bayanta, takarda a hannu. Ta tsaya a gefen gado ta gaishe shi, sannan ta fara tambayoyin da ake yi wa wanda ake shakkar kansa.

"Malam, ina ne nan?"

"Asibiti, Gwagwalada."

"Ina ne babban birnin ƙasa?"

"Abuja, tun bara. Wasunmu kuma tun kafin a share wa manya hanya."

Ta rubuta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni wace ce?"

Malam Fatihu ya shekara talatin yana karanta abin da ke bayan tambaya, saboda haka ya gane matsayinsa sarai. In ya juya ga bango ya ce yarinyar nan ce ta wajen Thaddeus, za ta rubuta cewa hankali ya dawo, a sallame shi da ledar magani, Juma'a ta koma yadda take. In ya faɗi ɗaya amsar, za a rubuta cewa babban akawun rajista bai gama dawowa cikin hayyacinsa ba, kuma takarda ba ta mantuwa. Ya dubi bangon, wanda yake nan kusa, a shirye. Sannan ya juyo.

"Yelwa," in ji shi, a hankali, ba da muryar rajista ba.

Biron ya tsaya a saman takardar. Ko ta auna amsar da abin da ta gani a madubi ne, ko da wani abin daban, ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta faɗa ba. Ba ta dai rubuta komai a gurbin ba.

"Na'am," ta ce.

Ta ajiye takardar a kan gado, ta jawo kujera, ta naɗe masa hannun riga. Yatsunta biyu suka sauka a wuyan hannunsa. Ya mai da idonsa ga silin, domin komai yana da iyaka.

"Shi Thaddeus sau nawa kike auna shi?"

"Sau ɗaya a mako. Ku yi shiru, Malam, ina saurare."

Ya yi shiru har iskar ta gama fita daga abin awon.

"Nawa ya fi nasa hawa," in ji shi. "Sai a duba wannan wajen rabon ranaku."